Kafin ka zauna a teburin Faransawa

Assalamu alaikum mutumina,

Wata huɗu ko gaisuwa babu, sai a bakin Gwaggo nake jin wai maigidanka na wurin aiki zai kai ka gidan abinci mai tauraron Michelin a Paris, kuma cikinka ya ɗuri ruwa. Kwantar da hankalinka. Kamfanin taya ne fa, Michelin, ke raba wa fitattun gidajen abinci taurarin nan tun 1926, uku ne kuma ƙarshensu.

Cokula ba za su ba ka wahala ba: fara da na can waje, ka riƙa matsowa ciki duk lokacin da aka sauya faranti. Miya ce abin tsoro. Alade kana gane shi da suna, porc, jambon, boudin, da lardons, 'yan gutsattsarin da suke barbaɗawa a salak. Giya kuwa ɓuya take yi. Bœuf bourguignon da coq au vin cikin jar giya ake dafa su. Kada ka ce kifi ya tsira, don beurre blanc, farar miyar man shanun da ake zuba masa, da farar giya ake soma ta. Hantar agwagwar nan da suke ji da ita, foie gras, sau da yawa da cognac ake jiƙa ta. Baba au rhum kuwa ba baban kowa ba ne, kek ne da ya sha barasa ya ƙoshi.

Saboda haka a faɗa musu tun ranar da ake kama tebur: sans porc, sans alcool, même dans les sauces, wato ban da alade, ban da giya, ko da a cikin miya ne. Tun safe suke ɗora miyarsu tana ƙonewa a hankali, in ka bari sai ka zauna, babu mai iya tsame giyar, sai su kawo maka abinci gaya. Naman ma ba yankanmu ba ne. Ni dai shawarata sole meunière, kifi ne da aka soya da man shanu aka matsa lemun tsami.

Af, an sa ranar ƙanwarka bayan Babbar Salla, kuma Kawu ya rantse kai za ka sayi gado. Ka fara tari.

Ina muka tsaya? Carte ita ce takardar zaɓi, menu kuwa jerin abinci ne mai farashi ɗaya. Entrée buɗe-baki ce kawai, babban abincin shi ne plat, sai cuku, sai kayan zaƙi, kofi daga ƙarshe. 'Yar lomar da za a fara ajiye maka kyauta ce, kada ka zaro ido ka ce “shi ke nan?” Na san ka. In an tambaye ka plate ko gazeuse, wato marar gas ko mai gas, ruwan kwalba ne na kuɗi. Carafe d'eau, wato ruwan famfo a jug, kyauta ne. Galibi ba a fara abincin dare kafin bakwai ko bakwai da rabi, kuma zaman na iya cin awa uku, don haka daidaita sallarka, ka kuma rage wannan saurin naka na mai tsoron a shanye masa fura.

Kuɗin hidima yana cikin farashi. Takardar biya ba ta zuwa sai an nema, kai dai bar wa maigida wannan. In ka gama, jera wuƙa da cokali mai yatsu wuri guda a faranti, in ba haka ba ma'aikacin zai yi ta jiranka.

Gwaggo ta ce turaren da ka aiko ya ƙare.

Naka har kullum.