Gilashin da ke ɗauke da intanet ba iri ɗaya ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara goma sha biyu ina haɗa zaren gilashin da ke kai intanet tsakanin Kaduna da Abuja. Kwanan nan wani yaron aikina ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a koma wa gilashin fuloraid ba, tunda ya ji ya fi silika, gilashin da muke amfani da shi. Ina so masu karatu su ji amsar.

Haske yana raunana a cikin zaren in tafiya ta yi nisa. Sai a sa guntun zare mai sinadarin erbiyum, a haska shi da hasken lesa mai tsawon zango (ma'aunin da ke bambanta launukan haske) nanomita 980, ya ƙarfafa saƙon da ke tafe a nanomita 1550. A Jami'ar Southampton ta Ingila aka nuna ƙarfafa saƙo da erbiyum a 1987.

Gilashin fuloraid, wanda aka gano a Faransa, yana barin wasu sinadarai irin su faraseodimiyum su ƙarfafa saƙo a nanomita 1300, inda silika ta gaza.  Amma fuloraid ba ya son danshi, ga saurin karyewa, kuma injin da ke narkar da bakin zare ba ya haɗa shi da silika yadda ya kamata. Ni da nake shiga rami a Kakuri cikin damina, ruwa har idon sawu, silikar da aka gauraya da alumina nake zaɓa.

Ina roƙon kwalejojin kimiyya su kawo ɗalibai su ga haɗin zare da idonsu.

Naku,
Mai aikin zaren gilashi, Tudun Wada, Kaduna