Rahoton kwamitin gyaran ɗakin labarin ƙasa na lakwal ɗinmu ta mishan

Iyaye, malamai da duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, muna gaishe ku.

Kun san halin da ɗakin nan ya shiga a daminar bara. Iska ta ɗage kwano, ruwa ya jiƙe bangon gabas har ya tsage, gara kuma ta cinye taswirorin takarda da ke cikin akwati. Shekara guda cur malamin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, yana zana Nijar da alli a allo, ya goge, gobe ya sake zanawa. Wannan ya dame mu ƙwarai.

Yau aiki ya ƙare. An rushe bangon da ya tsage an sake shi da bulo na siminti, an canza katakon rufi da kwanonsa, an buɗe taga biyu ta arewa don haske. Kuɗi ya fito daga karo-karon iyaye, Musulmi da Kirista, da taimakon Fada da jama'ar coci. Lissafin yana hannun ma'aji, an kuma manna kwafinsa a ƙofar ofishin darakta. Maginin farko ya bar mu da aiki rabi, muka yi asarar sati uku kafin mu samu wani.

Abin da muka fi daɗewa a kansa shi ne bango. Mun ce ba za mu ƙara ciyar da gara ba, sai a zana taswira da fenti. A bangon yamma an zana Nijar da jihohinta 8 da maƙwabtanta 7, daga Aljeriya da Libiya har Benin da Najeriya. A bangon gabas kuwa jiharmu ta Maraɗi ce kaɗai, da girma: Dakwaro, Mayahi, Tasawa, Agye, Gidan Rumji, Madarunfa da tabkinta, da hanyar Ɗan Isa. Wasu sun so a sa taswirar duniya a nan. Mun ƙi. Yaron da bai san inda gulbin bayan gidansu ya fito ba, me zai yi da kogunan Faransa? Ƙwallon duniya muka saya, yana kan tebur.

Gulbin Maraɗi ma ya so ba mu kunya. Mai zane ya juya kibiyarsa kudu, kamar ruwan daga nan yake tashi. Wani dattijo cikin iyaye ya leƙo ya ce, "Ɗana, ruwan nan daga ƙasar Katsina yake zo mana, ta Jibiya, ya gaishe mu, ya karkata yamma ya koma Najeriya ya faɗa Rima." Aka goge aka gyara. Shi ne kuma ya roƙi a yi alama a inda tsohon gari yake a fadama, kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Mun yi, da jan fenti.

A tsakar fili an kafa ma'aunin ruwan sama, an kewaye shi da waya saboda awaki. Ƴan CM1, wato aji na biyar, za su riƙa rubuta abin da ya sauka tun daga ruwan farko. Matsalar ita ce hutu yana faɗawa tsakiyar damina, don haka muna neman iyaye biyu na kusa da za su yarda ƴaƴansu su riƙa zuwa dubawa da safe. Wanda ya amince ya ga darakta.

Saura benci shida ba a biya kafinta ba.

Kwamitin gyara, Maraɗi