Girman jinjirin wata ba hujja ba ce ta cewa an ci mana kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka bani fili a jaridarmu in yi magana kan wani abu da yake damuna duk shekara in azumi ya zo ko sallah. Da zaran wata ya tsaya aka ganshi da ɗan kauri yayi sama sai kaji majalisa ta ɗauka, WhatsApp ya ɗauka, wai ai wannan ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya, har wasu su fara zargin kwamitin ganin wata da fadar Sarkin Musulmi. Wallahi wannan zargin ba ƙaramin abu bane kuma yawanci rashin sanin yadda watan yake tafiya ne ya kawo shi.

Shi wata bashi da hasken kansa, hasken rana ne yake dukansa mu kuma muke ganin ɓangaren da ya haskaka. Zagayensa daga haihuwa zuwa haihuwa a matsakaicin lissafi kwana 29 ne da awa 12 da minti 44, shi yasa wani watan yake yin 29 wani 30. To ita haihuwar, wato lokacin da ya shiga tsakanin rana da duniya, bata jiran magariba, tana iya faɗawa da asuba ko tsakar dare ko azahar. In a ranar 29 rana ta faɗi watan yana da awa 12 kacal ido bazai ganshi ba, yayi siriri da yawa kuma yana manne da hasken rana, sai a cika 30 kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta. Washegari da magariba kuwa ya kai awa 36, dole ka ganshi ɓaro-ɓaro ya jima bai faɗi ba, amma duk da haka daren farko ne. Ga kuma hazo lokacin hunturu ga hadari da damina, watan yana nan amma sama ta rufe.

Masu cewa sun gani kuma suma aji tsoron Allah. Jinjirin wata a yamma yake fitowa kusa da inda rana ta faɗi, bayan faɗuwarta da ɗan lokaci kaɗan, gefensa mai hasken yana kallon wajen ranar. In an ga tsohon wata a gabas da asuba bazai yiwu a ga sabon wata da yammar wannan ranar ba. Wani Zara ce yake gani, wani farin layin hayaƙin jirgi ne, kuma niyyarsa kyakkyawa ce, amma shaida ce da al'umma za ta yi ibada a kanta.

Roƙona ga malamanmu da limaman Juma'a su riƙa bayanin nan tun Rajab da Sha'aban ba sai ana gobe azumi ba. Gidajen rediyo suma su taimaka. Kwamitin kuma ya riƙa fitar da lokacin haihuwar watan da Hausa kowane wata, mutane su saba fita duba a Muharram da Safar, yadda in Ramadan ya zo ido ya riga ya san inda zai kalla.

Nagode Edita, Allah ya ƙara basira.

Naka, mai karatu daga Gusau