Launin Ƙasa-ƙasa a Kan Gilashi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan dubun gaisuwa, ina fata kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Ya aiki, ya fama da marasa lafiya? Saƙonka ya iso tun makon jiya, ka gafarce ni da jinkirin amsa. A nan Stokholm hunturu ya kankama, ƙarfe uku na rana duhu ya fara rufowa.

Ka ce in faɗa maka abin da ya ɗaure ni a ɗakin gwaji. Ka san ER-alfa, makarɓar sinadarin estrojin, wato furotin da wannan sinadarin mata ke maƙalewa a kansa cikin ƙwayar halitta, wadda kuke sa a duba a tsokar sankarar mama kafin ku ɗora mace a kan maganin tamoksifen. Wajen kashi 70 cikin ɗari na sankarar mama suna ɗauke da ita, kuma ita ke zuga ƙwayoyin su yi ta hayayyafa. To tana da ƙanwa, ER-beta, wadda Jan-Åke Gustafsson da mutanensa suka gano a cibiyar binciken lafiya ta Karolinska da ke nan Siwidin a 1996, a jikin ɓera. Da aka cusa ta cikin ƙwayoyin sankara da ake renon su a ɗakin gwaji, sai hayayyafarsu ta ragu. Nan fa aka sa rai ko ita ce mai taka wa ƙari birki.

Makarɓa ba ta ganuwa ko a madubin likita, sai an yi mata alama da antibodi, wato furotin na garkuwar jiki mai maƙalewa a kan abin da aka nufe shi da shi, irin wanda Köhler da Milstein suka koya wa duniya haɗawa a Kambirij a 1975. A yanko tsoka siririya fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a gilashi, a ɗiga antibodin, a wanke, a sa rini. Inda ya kama sai ya fito ƙasa-ƙasa, sauran wurin shuɗi.

Wata huɗu na yi ina wannan aiki na neman ER-beta, launin yana fita tsaf a tsakiyar ƙwayoyin, har na fara ƙirga. Rannan malamata ta duba, ta yi shiru, sannan ta ce in gwada antibodin a kan ƙwayoyin da aka cire musu tushen gadon da ke samar da ER-beta gaba ɗaya da CRISPR, dabarar yanke ƙwayoyin gado. In da gaske ita yake kamawa, ai gilashin zai fito shuɗi zalla. Wallahi aminina, da na leƙa madubin na ga ƙasa-ƙasa ya cika ko'ina kamar da, jikina ya yi sanyi. Ashe wani furotin dabam yake kamawa.

Ba ni ne farau ba. A 2017 masu bincike a nan Siwidin suka wallafa a mujallar Nature Communications cewa sun gwada antibodi 13 da ake amfani da su don ER-beta, ɗaya tak, PPZ0506, ya tabbata ita yake kamawa a tsoka. Da shi sun gan ta a gidan ƙwan mace da 'ya'yan maraina da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki, amma a mama ba su gan ta ba, mai lafiya ko mai sankara. Ka duba shekara ashirin na rubuce-rubuce da aka gina a kan sauran antibodin! Ni ban yanke ƙauna a kan ER-beta ba, don abin da take yi a ƙwayoyin da ake reno ba ƙarya ba ne. Sai dai yanzu duk antibodin da ya shigo hannuna, sai ya bi ta ƙwayoyin da ba su da makarɓar tukuna.

Abin ya sa na yi ta tunaninka. Rahotanni sun sha nuna cewa matanmu na Afirka ta Yamma sun fi samun sankarar da ba ta da ER-alfa, kuma rinin nan shi ke yanke wa mace magani. In tsoka ta daɗe a faranti bayan tiyata, makarɓar kan lalace, sakamako ya ce babu alhali akwai, a hana baiwar Allah maganin da zai amfane ta. Ƙa'ida ita ce tsokar ta shiga fomalin, ruwan da ke hana ta lalacewa, cikin awa ɗaya, ta zauna awa 6 zuwa 72. Don Allah ka bincika mini yadda ake yi a wurinku, musamman tiyatar ranar Juma'a da yamma, ka rubuto mini.

Ka gaida uwargida da yara, ka roƙa mini addu'a wurin Hajiya.

Naka amini.