Godiya Ga Maƙerar Da Ta Tayar Mini Da Gatarin Kakana

Assalamu alaikum Baba, kai da yaran maƙerarka da ke Tamburawa, kan hanyar Kano zuwa Zariya.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, yaya aiki, yaya zafin wuta? Godiyar da na yi muku a bakin maƙera ran nan ba ta ishe ni ba, shi ya sa na ga ya dace in maimaita ta inda jama'a za su gani.

Kaya uku na kawo muku: gatari, gizago da ruwan garma, duk na kakana, Allah ya jiƙansa. Sun fi shekara 20 a yashe a ƙarƙashin rumbu, gara ta cinye ƙotocin, tsatsa ta rufe ƙarafan. Ƙanena har ya ɗora su a sikelin ɗan gwangwan, Inna ta hango daga tsakar gida ta ce a sauke. Na fara kai su wajen wani mai walda a cikin gari, ya ce zai goge gatarin da inji ya liƙa masa bututu a maimakon ƙota. Raina bai kwanta ba, na naɗe su a buhu na nufo ku.

Baba, ba zan manta da yadda ka karɓi gatarin nan ba. Ba ka yi maganar kuɗi ba. Ka rataye shi da zare, ka ƙwanƙwasa shi da bakin awartaki, ka karkata kunne kana sauraron amonsa. Sannan ka kankare tsatsar wuri guda, ka nuna mini waɗansu layuka sirara da suka bi jikin ƙarfen kamar jijiyar itace, ka ce, "Ɗana, wannan ƙarfen tama ne, ba sifirin mota ba." Ka yi mini bayanin yadda ake haƙo tama a dafa ta da gawayi, maƙeri ya yi ta ninka dunƙulen yana duka har kashin maƙera ya fita, wanda ya saura a ciki shi ne waɗannan layuka. Na girma ina jin cewa Abagayawa maƙera ne, kakansu mai suna Kano ya taso daga Gaya ya zauna gindin Dala saboda tama, kuma masu binciken kayan tarihi sun gano ana narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7. Ban taɓa zaton wani yanki na wannan sana'a yana kwance a ƙarƙashin rumbunmu ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacensa suka wadata, dafa tama ta yi ta ja da baya har aka daina. Gatari irin wannan in ya shiga motar 'yan gwangwan, ba mai sake ƙera maka kamarsa.

Na zauna a kan kututture na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Yaronka na zuga, gawayin ƙirya na tartsatsi, kai kuma bakin gatarin kawai ka tura cikin wutar, ka hana a gasa shi duka. Da ya yi ja ka ɗora shi a kan uwar maƙera, ka bi shi da masaɓa a hankali, dukan da bai fi a ƙirga ba, har kaifin da ya lanƙwashe ya miƙe. Sai aka zo saka ƙota. Ka zaɓo ta marke mai kauri a kai, ka gasa gindin ƙarfen, ka danna shi cikin hudar. Hayaƙi ya tashi fari, ƙamshin ƙonannen itace ya cika rumfar, ƙarfen ya ci wa kansa mazauni ba ƙusa ba walda.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar garmar. Da ka so, da ka karɓi kuɗina ka yi mata ƙota, ta tsage a huɗar farko. Ka ɗaga ta sama ka nuna mini yadda ƙasa ta cinye ta har ta yi siriri kamar ganye, ka ce ta gama aikinta, in shafe ta da man gyaɗa in rataye a ɗaki yara su gani. Haka na yi. Kuɗin da ka karɓa a kan gatari da gizago kuwa bai wuce na ƙota da gawayi ba, na ƙara ka mayar mini. A ganina irin wannan gaskiya ita ce ta sa manoma ke wuce shaguna su zo su zauna jiran layi a rumfarku.

Da gatarin na yi sassaben bana. Ranar da na dawo da shi gida Inna ta karɓa ta daɗe tana shafa shi, ta ce haka yake a kafaɗar mahaifinta in zai tafi gona. Ta ce in gaishe ka, Allah ya yi wa zuri'arka albarka, ya tsare ku daga sharrin wuta da ƙarfe.

Akwai tsohon magirbi da sungumi a wajen baffana, ya yarda in kawo muku su bayan kaka in Allah ya kai mu.

Wassalam.
Naka, jikan mai gatari.