A buɗe wa tubabbun ƴan pale ƙofa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana da mutanen garinmu Damagaram a kan samarin nan da suka bar ƙungiyoyin ƴan daba da ake kira pale, suka ajiye adda da tiramol, amma har yau gari bai yarda ya karɓe su ba. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, tarihi na koyar a kwaleji har na ajiye aiki. Wasu daga cikin yaran nan sun zauna a gabana a aji kafin titi ya ɗauke su, shi ya sa maganar take ci mini tuwo a ƙwarya.

Akwai wani labari na mabiya Buda da na daɗe ina juya shi a raina. Kafin wani ya ce mushe ya saki hanya, ni Musulmi ne, a kan haka nake fatan cikawa. Ban kuma manta abin da aka yi wa Musulmin Rohingya a Myanmar a 2017 ba, lokacin da sama da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash daga ƙasar da yawancin mutanenta mabiya Buda ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun tattake koyarwar mutumin da suke kiran sunansa. Shi Buda, Siddata Gotama, ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nefal ta yau, kimanin ƙarni biyar kafin Annabi Isa (AS). Ya bar gidan ubansa yana da shekara 29, ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane kame zuciya da tausayin duk wani mai rai.

A zamaninsa an yi wani ɗan fashi a ƙasar Kosala, Angulimala, mai yanke yatsan duk wanda ya kashe ya rataya a wuya. Ƙauyuka suka watse saboda shi. Makiyaya da manoma suka gargaɗi Buda kada ya bi ta dajin, ya bi, shi kaɗai. Ɗan fashin ya biyo shi da takobi, ya kasa cim masa, ya daka masa tsawa ya tsaya. Buda ya amsa masa cewa shi tuni ya tsaya, tunda ya daina cutar da kowa, saura shi. Nan mutumin ya jefar da makamansa, aka aske masa kai, ya shiga cikin almajirai.

Abin da ya biyo baya shi ya fi tsaya mini a rai. Sarki Pasenadi ya fito da mahaya 500 zai kamo shi, sai ya tarar da shi zaune cikin almajirai. Da fari jikin sarki ya ɗauki rawa, daga baya ya yi masa tayin sutura da abinci da makwanci da magani. Mutanen birnin Sawatti kuwa ba su manta ba. Ranar da ya shiga bara aka jefe shi, ya dawo kai na zubar jini, ƙoƙo a fashe, tufafi a yage. Buda bai la'anci masu jifa ba, domin akwai waɗanda aka kashe wa ƴaƴa da iyaye a cikin garin. Ce masa ya yi ya daure, abin da ya shuka ne yake girba. Amma bai kore shi ba, ya bar masa wurin kwana da wurin komawa. Har yau a Siri Lanka ana karanta wa mata masu naƙuda kalmomin fatan alheri da wannan tsohon ɗan fashi ya faɗa wa wata mai wahalar haihuwa.

Mu ma ba baƙin wannan darasi ba ne. Kowane ɗan makarantar allo ya ji hadisin mutumin da ya kashe mutum 99, ya tambayi wani mai ibada ko yana da tuba, aka ce babu, ya cika ɗari da shi. Malamin da ya ce masa ƙofa a buɗe take shi ya ceci sauran mutanen gari daga takobinsa.

To, mu a Damagaram wanne muke yi? A unguwarmu akwai mai walda da ya ɗauki wani yaro da ya fito daga kaso, ɗan unguwar Kara-Kara. Tabon adda ya ratsa masa dantse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Yana zuwa aiki tun kafin a buɗe shago, ya share ƙofa, ya jera ƙarafa. Ƙofar ƙarfen gidana shi ya haɗa ta, ba ta taɓa ƙara ba. Amma na gani da idona a masallaci: yana tsuguno zai yi alwala, dattawa biyu suka koma suka kwashe takalmansu suka shiga da su ciki. Ya gani. Ya gama alwalarsa, ya tsaya a sahun ƙarshe. Bayan sallah ya ce mini, “Mushe, in na koma wajen abokaina na da, su aƙalla suna matsa mini in zauna.” Wannan magana ta hana ni barci. Salula ta ɓace a gidan suna, shi ake kallo. Ya je neman aure, da an ji unguwar da ya fito an gama magana. Kara-Kara da ma can unguwa ce da aka ware wa kutare da sauran waɗanda gari ya tsana, yanzu jikokinsu muke yi wa irin abin da aka yi wa kakanninsu.

Ba cewa nake a daina hukunci ba. Wanda ya sari mutum, shari'a ta yi aikinta, kuma uwar da aka kashe wa ɗa ba ni da bakin da zan ce mata ta yafe. Da sauranmu nake, mu da ba a taɓa mu ba amma muka riƙe ƙiyayya kamar gado. Yaron da ya gama zaman kaso, ya nemi sana'a aka rufe masa ƙofa, ina zai nufa in ba wajen masu sayar da ƙwaya ko ƴan siyasar da ke neman ƙarti lokacin zaɓe ba? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Mabiya Buda suna da wani horo na yau da kullum. Mutum ya zauna shiru ya yi wa kansa fatan lafiya da kwanciyar hankali, sannan ya yi wa masoyinsa, sannan wanda ba ruwansa da shi, a ƙarshe ya yi wa wanda yake ƙi. A hankali suke hawa, domin sun san zuciya ba ta juyawa dare ɗaya. Mu kuma an koya mana cewa wanda ya yi wa ɗan'uwansa addu'a a bayan ido, mala'ika na ce masa kai ma haka. Bayan sallar asuba mutum ya ambaci sunan yaron nan da ya fi tsana a unguwa, ya roƙa masa shiriya da sana'a. Mai waldar da na ambata haka yake yi, kuma a layinmu ban ga wanda ya kai shi natsuwa ba, alhali shi ne ke bar wa yaron makullin shago.

Roƙona ga limamai, su taɓo wannan magana a huɗubar Juma'a. Masu gareji da teloli da kafintoci da ƴan kasuwar Dole, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. Abin da ya fi hana su ɗauka shi ne rashin mai tsaya wa yaron, don haka masu unguwanni su nemi dattawan da za su yarda su tsaya. Ni dai duk wanda na taɓa koyarwa, in ya zo mini da gaske, zan raka shi da ƙafata har wajen mai sana'a in tsaya masa.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin tarihi,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar