Kun nuna mana bene, kun manta da dandali

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku kan gine-ginen Italiya kuma na ƙaru, sai dai kusan duk lokacin ya tafi ne a kan tagwayen benayen nan na Milan masu bishiyoyi a jiki, Bosco Verticale, da aka kammala a 2014. Ba laifi, suna da kyau a hoto. To amma wa ke kwana a ciki in ba masu hannu da shuni ba? Abin da talakan Italiya ke mora shi ne dandalin gari, wanda suke kira piyaza, kuma ko sau ɗaya ba ku ambace shi ba.

A Napoli nake zaune. Babban dandalinmu, Piazza del Plebiscito, yana tsakanin tsohuwar fadar sarki da cocin San Francesco di Paola. Shekara da shekaru wurin ajiye motoci ne, har dattawan gari kan ce mutum ba ya ganin daɓen ƙasa. Da za a yi taron G7 na manyan ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki a garin a 1994, magajin gari Antonio Bassolino ya sa aka kwashe motocin. Korar mota ita ce babban aikin. Yau yara na buga ƙwallo a wurin, baƙi kuma na rufe ido su yi ƙoƙarin ratsawa tsakanin gumakan dawakai biyu da ke tsakiya. Galibi sai su karkace, mu kuwa mu sha dariya.

Amma ina da ƙorafi. Fili ne fetal, babu bishiya, wurin zama ma sai matakalar coci. A watan Yuli da rana tsaka ba mai tsayawa, kowa sauri yake ya ratsa.

Shi ya sa na fi yaba abin da Milan ɗin ta fara a 2018 da shirin Piazze Aperte, wato buɗaɗɗun dandali. A unguwar Dergano fenti aka shafa a kan kwalta, aka jera bencina, aka kawo bishiyoyi cikin tukwane da teburan tenis. Kayan araha ne, da gangan, don a gwada a ga ko jama'a za su zauna kafin a zuba kuɗin aikin dindindin. Genoa kuma tun 1992 mai zanen gine-gine Renzo Piano ya buɗe wa mutane tsohuwar tashar jiragen ruwa, bai rushe rumbunan auduga ba, sabon aiki aka sama musu.

Don Allah in za ku koma kan batun, ku aika wakilinku Dergano da la'asar, lokacin da aka taso yara daga makaranta, ya zanta da tsofaffin da ke kan bencinan.

Naku,
Mai sauraro daga Napoli, Italiya